Ɗan rami mai gashi a karan hanci: nazarin ƙullutun damoyid a jikin yarinya 'yar shekara 4 a Sakkwato

A tsakiyar bazara aka kawo yarinyar sashen yara na wani babban asibiti a cikin garin Sakkwato. Mahaifinta da kakarta ta wajen uba ne suka rako ta daga wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kware. Shekararta 4, nauyinta kilo 14. Abin da ya taso su kumburi ne a saman karan hanci, dab da tsakanin idanu, kwana 5 yana ƙaruwa, ya yi ja, ba ta bari a taɓa. Zafin jikinta ya kai 38.4 a ma'aunin Salshiyas. Wannan ne karo na huɗu da wurin ya kumbura.

A takardar da suka zo da ita an rubuta maruru ne. Kakar ce ta gyara zancen tun kafin a tambaye ta: “Likita, wanga ɗan rami da shi anka haife ta, tun ran suna munka gan shi.” Da aka ce mata, “Inna, gashin da ke ciki fa?” sai ta ce takan tsige shi da farce, bayan 'yan makonni ya sake tsirowa.

Sauran labarin a taƙaice yake. Tana shekara 2 wurin ya fara kumbura, aka sayo maganin ruwa a kemis, ya lafa. Tana shekara 3 ya dawo da ƙarfi, wanzamin gidansu ya tsaga da aska, mugunya ta fita, ciwon ya warke ya bar tabo. Bayan wata 5 ya sake tasowa. Ba ta taɓa yin sanƙarau ko jijjiga ba, ba a kuma taɓa ganin ruwa garau yana ɗiga daga hancinta ba.

Abin da dubawa ta nuna

Ƙasa da kumburin da kamar santimita 1, a kan layin tsakiyar hanci daidai, akwai ɗan ramin da bai fi kan allura ba, silin gashi 2 baƙaƙe sun leƙo daga ciki. A bakinsa akwai wani farin abu mai kauri kamar dusar awara, mai warin tsohon maiƙo. Kumburin kansa ya kai santimita 2 a faɗi, tabon askar ya ratsa shi a karkace. Karan hancin ya fi na sa'o'inta faɗi, abin da iyayen suka ɗauka kamannin dangi ne.

Duk ƙullutun da ke tsakiyar fuskar yaro, tambayar farko a kansa ita ce ko yana da hanya zuwa cikin kai. An sa yatsa a hankali, ba ya harbawa da bugun zuciya. Ta yi kuka a lokacin dubawar, bai ƙara girma ba. An danna manyan jijiyoyin jini na gefen wuya na 'yan daƙiƙoƙi, bai cika ba. An haska masa tocila a ɗaki mai duhu, haske bai ratsa shi ba. Da a ce ensefalosil ne, wato tantanin ƙwaƙwalwa ko ɓangarenta ya ɓullo ta wata kafa a ƙashi, da ya amsa wasu daga cikin waɗannan gwaje-gwaje. Giliyomar hanci, naman ƙwaƙwalwa da ya rabu ya maƙale a waje, tana da tauri kuma ba ta da rami mai gashi. Ƙullutun jijiyoyin jini kuwa yana fitowa ne bayan haihuwa, ya girma da sauri a shekarar farko, sannan ya fara janyewa. Wuyan yarinyar yana lanƙwasa lafiya, tana cikin hayyacinta, cikin hancinta babu wani tsiro.

Rami a tsakiyar hanci tun haihuwa, da gashi a ciki, kusan sa hannun ƙullutun damoyid ne, wato jakar fata da ake haihuwar yaro da ita. Sai dai rashin harbawa da rashin cika a lokacin kuka ba su wanke shi daga shiga cikin kai ba. Hanyar damoyid siririya ce, a toshe take da maiƙo, ruwan ƙwaƙwalwa ba ya kai da kawowa a cikinta balle ya nuna kansa.

Damoyid jaka ce da aka yi bangonta da fata sosai, da saiwar gashi da ƙwayoyin maiƙo da na gumi, amma fuskarta na kallon ciki. Duk abin da fata ke zubarwa a waje, a nan cikin jakar yake taruwa, shi ya sa take girma sannu a hankali kuma ba ta bajewa da kanta. Asalinta daga watanni biyu na farkon ciki ne, lokacin da sassan fuska ke haɗuwa. A gaban gindin ƙoƙon kai akwai wata 'yar kafa da masana ke kira foramen sikum, ma'anarsa makahon rami. Ta nan wani ɗan yatsa na tantanin ƙwaƙwalwa yake saukowa bayan ƙasusuwan hanci har ya taɓa fata, daga baya ya ja da baya, kafar ta rufe. Idan fatar ta manne masa, sai ya ja ta sama, ya bar rami mai bangon fata a kan hanyarsa. Wani ramin yana tsayawa a ƙarƙashin fata, wani a bayan ƙashi, wani ya kai har cikin kai. Littattafan tiyata suna ƙiyasta irin waɗannan ƙullutai na tsakiyar hanci da haihuwa 1 cikin 20,000 zuwa 40,000, kuma damoyid ne mafi yawa a cikinsu.

Saboda haka aka rubuta a fayil ɗinta da manyan baƙaƙe cewa kada a zura komai a ramin, kada a matse, kada a yanki nama don gwaji kafin a ɗauki hoto. Tsinke ko ƙarfen awo da aka zura yana iya tura ƙwayoyin cuta har bakin tantanin ƙwaƙwalwa.

Kashe wutar kafin a taɓa ginin

Ba a cire damoyid yana cikin kumburi. Bangon jakar yana ruɓewa ya haɗe da naman da ke kewaye, jini ya rufe ido, a bar gutsure a ciki. An kwantar da ita, aka fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ko-amoksikilab ta jijiya, miligiram 30 ga kowane kilo, wato 420, duk bayan awa 8, da farasitamol miligiram 210 duk bayan awa 6 idan jiki ya yi zafi. Ma'aunin jininta kashi 31 cikin 100 ne, ba ta da sikila, gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Saboda askar da ta taɓa shiga jikinta an duba ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau, duka babu.

A kwana na biyu ƙurjin ya fashe da kansa ta tsohon tabon. An shafo mugunyar aka kai ɗakin gwaji, ta tsirar da sitafilokokus oriyus, ƙwayar da aka fi samu a ciwon fata, kuma maganin da ake ba ta yana kama ta. A kwana na uku aka yi hoton siti (CT, hoton na'ura mai nuna cikin jiki yanka-yanka) da allurar rini, yanka-yanka na milimita 1, don a tabbatar babu ƙurji a cikin kai, a kuma ga ƙashi. Zazzaɓin ya sauka a kwana na huɗu, aka mayar da ita maganin baki ta cika kwana 10.

Hoton ya nuna ƙasusuwan hanci biyu sun rabu a tsakiya, jakar ta zauna a tsakaninsu. Makahon ramin ya buɗe fiye da ƙima. Ɗan ƙashin da ke tsaye a bayansa, wanda ake kira kirista gali, wato zankon zakara, ya tsage biyu. Waɗannan alamu suna ƙara zargi, ba su yanke hukunci ba. A yaron da bai kai shekara 2 ba wurin bai gama zama ƙashi ba, hoton siti yakan nuna giɓin da ba ciwo ba ne. Ko a babban yaro, buɗaɗɗen rami yana iya ƙunsar zaren nama kawai. Hoton maganaɗisu (MRI) ne ke raba gardama, domin shi ke nuna maiƙo da tantani. Shi ma yana da tarkonsa: ɓargon zankon zakara yana yin kitse idan yaro ya fara girma, ya yi haske irin na damoyid, don haka dole a ɗora hotunan biyu gefe da gefe.

An jinkirta hoton maganaɗisun zuwa mako 4, kumburi ya sauka, mahaifin kuma ya sami sayar da albasarsa. Yaro ɗan shekara 4 ba zai kwanta shiru na minti 30 zuwa 45 a cikin na'ura mai ƙara ba, sai da maganin barci. An hana ta abinci awa 6, ruwa zalla awa 2, aka cire 'yan kunne da layar da ke wuyanta saboda ƙarfen da ke jikinsu. Hoton ya nuna jaka mai santimita 1.8 a bayan ƙashin hanci, da siririyar hanya da ta hau ta ratsa makahon ramin, ta ƙare da ɗan kai mai milimita 7 yana tura tantanin ƙwaƙwalwa daga waje. Bai huda shi ba.

Tambayar mahaifin

Da aka yi masa bayanin cewa aikin zai haɗa da buɗe goshi, sai ya ce ɗan maƙwabcinsa an cire masa irin wannan a gira, da safe aka shiga da shi, da la'asar suna gida. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce ainihin ilimin damoyid: jakar iri ɗaya ce, wurin da ta zauna shi ke faɗin hotonta da wuƙarta.

Na wutsiyar gira shi ne mafi yawa a kan yara. Yana zaune a inda ƙashin goshi ya haɗu da na kunci, yawanci santimita 1 zuwa 2, fata na zamewa a kansa, ba ya ciwo. Idan yana motsi kuma ana jin iyakarsa ta ko'ina, sau da yawa dubawa da hannu ko sikanin ya isa. A yanka ta lanƙwasar fatar ido ko ƙasan gira, a ɗago shi daga kan ƙashi ɗungurungum. Wanda ya kafe, ko ya turo ido gaba, ko ya koma wajen tsakanin ido da kunne, shi ne ke buƙatar hoton siti, don yana iya zama mai kai biyu, rabi a waje rabi a cikin kwarmin ido.

Na kan maɗiga sananne ne a ƙasar nan. Adelola Adeloye da Latunde Odeku, likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan, sun bayyana shi a jikin jariran Najeriya a 1971, har ake kiransa da sunayensu. Yana tsorata iyaye saboda laushinsa da kuma harbawar maɗiga da yake ɗauka daga ƙasa, ruwansa kuma wani lokaci garau ne. A al'ada ba ya shiga cikin kai. Haɗarinsa shi ne babbar magudanar jini da ke kwance a ƙarƙashinsa daidai, don haka ana tabbatarwa da hoto, a ɗaye shi a hankali.

Na ƙasan baki, idan yana saman tsokar da ta shimfiɗe kamar tabarma a ƙarƙashin harshe, yakan ɗaga harshe ya hana tsotso da magana, a cire ta cikin baki. Idan yana ƙasanta sai ya fito kamar haɓa biyu, a bi ta wuya. A nan ana sa yaro ya zaro harshe: ƙullutun da ya hau sama tare da harshe ya fi kama da ragowar hanyar maƙoƙo, wanda aikinsa daban ne.

Wanda ya fi kama da na yarinyar nan shi ne ramin tsakiyar baya, sama da tsagin ɗuwawu, mai gashi ko jan tabo a gefe. Yana iya kaiwa ga laka. Yaron da sanƙarau ya kama sau biyu, a tuɓe shi a duba bayansa da ƙeyarsa da karan hancinsa cikin haske mai kyau. A yankin da sanƙarau ke zuwa da zafin bazara, abu ne mai sauƙi a ɗora laifin a kan annoba a wuce.

Na jakar ƙwan mace kuwa sunan kawai suka haɗa. Daga ƙwayar haihuwa yake tasowa, shi ya sa ake samun haƙori da ƙashi a ciki ban da gashi da maiƙo. Sikanin yana gane shi. Kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 yana kama ɓangarorin biyu, kashi 1 zuwa 2 yana juyewa zuwa ciwon daji, galibi a manyan mata. Abin gudu shi ne murɗewa: ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya da amai, aikin gaggawa ne. Idan ya wuce santimita 5 zuwa 6 ko yana damu, a ɓare jakar a bar wa mace ƙwanta, idan kuma ta fashe a wanke cikin sosai da ruwan gishiri mai ɗumi, don maiƙon yana ƙona tantanin ciki.

An ce wa mahaifin, “Malam, na ɗan maƙwabcinka a bakin ƙofa yake, na ɗiyarka saiwarsa ta shiga ɗaki.” Ya nemi kwana biyu ya yi shawara da 'yan'uwansa, ya dawo ya sa hannu.

Aikin

Mako 6 bayan kumburin ya lafa aka shiga da ita, likitan kunne da hanci da maƙogwaro tare da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Sakkwato na da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta yanki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, don haka irin wannan haɗin hannu ba sai an bar jihar ba. Jinin yaro mai kilo 14 bai fi lita 1.1 ba, fatar kai kuma tana zubar da jini, saboda haka an tanadi leda ɗaya tun kafin a fara. An ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin yanka, aka tsikara allurar kashe zafi ta lidoken mai adirenalin a layin yankan ba tare da wuce miligiram 7 ga kowane kilo ba.

Daga sama aka fara. An yanka daga kunne zuwa kunne a cikin gashi, a karkace kamar haƙoran zarto don tabon ya ɓuya, aka naɗo fatar goshi ƙasa. An ɗaye tantanin da ke manne da ƙashin goshi a matsayin falle guda, aka bar shi rataye da jijiyoyinsa don faci. Sannan aka yanke 'yar taga a ƙashi dab da saman hanci. A shekara 4 kogon iska na goshi bai buɗe ba tukuna, wannan ya sauƙaƙa aikin. An ɗaga tantanin ƙwaƙwalwa a hankali har kan jakar ya bayyana a gaban zankon zakara, fari-fari kamar ƙwayar wake. Ya manne. Wajen raba su tantanin ya yage da milimita 3, ruwa ya tsattsafo, aka ɗinke nan take.

Dalilin farawa daga sama shi ne a gama da ɓangare mai tsabta kafin a taɓa ramin fata da ya sha mugunya.

A ƙasa, an zagaye ramin da tabon askar da yanka ɗaya mai siffar ganyen dogon yaro, a tsaye. A nan ne tsagar wanzami ta nuna kuɗinta. Damoyid da ba a taɓa ba yana ɓarewa kamar dafaffen ƙwai. Wannan kuwa bangonsa na gaba ya zama tabo ɗaya da fata, babu layin da almakashi zai bi. Jakar ta fashe, maiƙo da gutsattsarin gashi suka fito. An tsotse, aka wanke da ruwan gishiri har sau uku, aka kama bakin yagewar da ƙaramin matsi don kada bangon ya ɓace. Fashewa ba ita ce ke dawo da ciwo ba, gutsuren bangon da aka bari ne, ko da bai fi ƙwayar gero ba. An buɗa ƙasusuwan hanci kamar littafi, aka bi hanyar da gilashin ƙara gani har makahon ramin, aka goge bakin ƙashin da ƙaramin injin gurza, aka zaro hanyar gaba ɗaya ta haɗu da kan da aka sako daga sama. Fallen tantanin goshi aka shimfiɗa ya toshe kafar, aka mayar da tagar ƙashi, aka haɗe ƙasusuwan hanci, aka ɗinke fatar hanci da zaren nailan mai lamba 6-0. Aikin ya ci awa 4, jinin da ya zuba kamar mililita 120, ba a ƙara mata ba.

Wanzamin bai yi abin da ya saɓa wa iliminsa ba. Ya ga mugunya ya ba ta hanya, kuma a maruru na gaskiya hakan yakan yi aiki. Irin wannan kuskure ana yinsa a ƙananan asibitoci da wuƙa mai tsabta, sakamakon kuma ɗaya ne. Abin da ya kamata ya tsayar da hannun kowa shi ne wurin, da kuma jin cewa da shi aka haife ta.

Bayan aiki

An ɗaga kan gadonta digiri 30, aka hana fyace hanci, aka ba da maganin laushin bayan gida don kada ta yi yunƙuri. Abin da ake tsaro shi ne ruwa garau daga hanci, musamman idan ta sunkuya, ko ta ce tana jin gishiri a maƙogwaro, ko ciwon kai da ke ƙaruwa idan ta zauna. Babu wanda ya faru. Fatar idanunta ta kumbura ta rufe su kwana 2, abin da aka riga aka gaya wa kakar, don haka hankalinta bai tashi ba. An cire zaren hanci a kwana na 6, na kai a kwana na 10. Ƙasan ɗinkin hancin, inda fatar ta yi siriri saboda tsohon tabo, ya buɗe da milimita 2, ya cike da kansa cikin mako guda da wankin ruwan gishiri.

Gwajin naman ya nuna bango mai fata da saiwar gashi da ƙwayoyin maiƙo, da alamun tsohon kumburi. Wannan ya bambanta shi da ƙullutun efidamoyid, wanda bangonsa fata ce zalla babu gashi. Babu alamar ciwon daji.

An sallame ta a kwana na 11 da umarnin kada a shafa toka, man shanu ko kwalli a wurin, a kare tabon daga rana da hula mai baki, a fara shafa man silikon bayan mako 3, safe da yamma, na tsawon wata 3, tunda baƙar fata takan yi tabo mai tudu. An rubuta musu alamomin dawowa cikin gaggawa: zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ɗigar ruwa daga hanci, ko sabon kumburi.

Sun zo ganin wata 1 da na wata 3. Na wata 6 ya faɗo a tsakiyar aikin gona, sai a wata na 8 suka bayyana. Tabon ya kwanta, ya ɗan fi fatar gefensa duhu, babu rami, babu gashi, numfashi na fita ta kafofin hanci biyu, tana kuma jin ƙanshi. Karan hancin yana nan da faɗinsa, ba za a yi maganar gyara shi ba sai fuska ta gama girma. Damoyid na hanci yana iya dawowa bayan shekaru, don haka an ba su ranar hoton maganaɗisu idan aikin ya cika shekara, aka sa ta bayan girbi, sannan dubawa sau ɗaya duk shekara.